Magana tsakanin sassan mutum guda: bayani kan sadarwar ciki a larurar rarrabuwar kai

Tun daga wajajen 2020 bidiyoyi suka yawaita a TikTok da YouTube na mutane, galibi matasa, masu cewa su da yawa ne a jiki ɗaya. Wani ya ɗaga littafin rubutu ya ce a nan ne mazauna kansa ke bar wa juna sallahu. Wata ta ce da safe sun zauna a cikin kai sun raba aikin yini, an san wanda zai je makaranta da wanda zai huta. Ana cikin haka, a watan Janairun 2022, sabon kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, wato ICD-11, ya fara aiki, ya kuma ware wa wannan larura ta rarrabuwar kai gurabe biyu: cikakkiya, da wadda ta tsaya rabi. Mai kallo daga gefe dole kansa ya ɗaure. Wasan kwaikwayo ne, ko taɓin hankali, ko shafar aljanu? In kuma hukumomin lafiya sun yarda akwai larurar, to a cikin mutum ɗaya wa ke magana da wa, kuma me ya sa likitocin da ke jinyarta suka mayar da wannan magana ginshiƙin aikinsu?

Kalmomin da sai an fayyace su

Kusan kowa ya taɓa ɗanɗanar ƙaramin nau'in abin da masana ke kira rarrabuwar kai. Ka bi hanyar da ka saba, ka isa ba ka tuna yadda ka wuce rabinta ba. Ko a faɗa maka mummunan labari ka ji kamar mafarki kake yi, bakinka na amsawa kai kuwa kana can nesa. A irin wannan hali, abubuwan da suka saba tafiya tare, wato sani da tunawa da jin jiki da tabbacin cewa "ni ne nake yin wannan", sun ɗan saki juna na wani lokaci, sannan su koma daidai.

Larurar da ake magana a kanta ita ce ƙarshen wannan zango, likitoci na taƙaita sunanta na Turanci da DID. Littafin DSM-5 na Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka, wanda ya fito a 2013, ya kafa mata sharuɗɗa. Sai an sami yanayin kai biyu ko fiye, kowanne da salon tunaninsa da jinsa da halinsa. Sai an sami giɓin tunawa da ya wuce mantuwar yau da kullum. Sai abin ya zama yana wahalar da mutum ko yana ɓata masa harkoki. Kuma kada ya kasance wani ɓangare ne na al'ada ko ibadar da jama'a suka amince da ita, ko sakamakon maye, ko wata cuta irin farfaɗiya.

A da sunanta cutar mutane da yawa a jiki ɗaya, haka ta shiga DSM na 1980. A 1994 aka sauya sunan, kuma da gangan aka yi. David Spiegel na Jami'ar Stanford, wanda ke cikin jagororin sauyin, ya sha bayyana cewa matsalar mai larurar ita ce bai kai ga samun cikakken kai guda ɗaya ba, balle a ce yana da fiye da ɗaya. Wannan bayani yana da muhimmanci ga duk abin da zai biyo baya.

A bidiyoyin za a ji ana cewa "olta", kalmar da tushenta Latin ne, ma'anarta ɗayan ko wani dabam. A nan za mu ce sashe, jam'i sassa, domin likitoci da dama sun fi son kalmar da ke tunatar da cewa ɓangarori ne na abu guda. Sashen da ke tafiyar da jiki da magana a wani lokaci shi ne mai riƙe da ragama, kuma ragamar kan sauya hannu. Idan wani sashe yana riƙe da ita, wani kuma yana gani yana ji daga ciki, wannan shi ne tarayya a sani, abin da likitan Boston Morton Prince ya yi rubutu a kai tun farkon ƙarni na 20. Sadarwar ciki kuwa ita ce duk hanyar da labari ko ji ko niyya ke ratsawa daga wani sashe zuwa wani.

Daga ina bangon da ke tsakanin sassa ya fito

Bayanin da yawancin masu jinyar larurar suka dogara da shi ya faro daga Pierre Janet na Faransa, wanda tun 1889 ya lura cewa abin da ya fi ƙarfin mutum yakan ƙi narkewa cikin sauran tunaninsa, ya ware gefe yana aiki shi kaɗai. Likitan Amurka Frank Putnam ya ƙara wani abu a kai: jariri ba ya zuwa duniya da dunƙulallen kai. Yana da yanayin yunwa, da na wasa, da na tsoro, kuma a hankali, ta hanyar kulawar manya, waɗannan yanayoyi ke haɗuwa su zama mutum ɗaya mai labari ɗaya. Idan wanda ya kamata ya rarrashi yaro shi ne mai cutar da shi, kuma abin yana maimaituwa, haɗuwar ba ta kammaluwa. Yaron na bukatar ya tashi da safe ya ci abinci a hannun wanda ya azabtar da shi da dare. Hanyar da ta rage masa ita ce wanda ke cin abincin kada ya san abin da ya faru da dare.

DSM-5 ya ce kusan kashi 90 cikin 100 na masu larurar a Amurka da Kanada da Turai suna ba da labarin cin zarafi ko sakaci a ƙuruciya. Ya kuma kawo ƙiyasin yaɗuwarta na kashi 1.5 cikin 100, amma daga ƙaramin bincike guda a Amurka aka samo adadin, don haka bai kamata a ɗora shi a kan kowace al'umma ba.

A 2006 Onno van der Hart da Ellert Nijenhuis na ƙasar Holan tare da Kathy Steele ta Amurka suka tsara wannan fahimta. Suka raba sassa gida biyu: masu tafiyar da rayuwar yau da kullum, su je aiki su rene yara, da masu riƙe da tsoro da fushi da kunya na abin da ya faru, waɗanda sau da yawa suke ji kamar har yanzu ana cikin wancan lokaci. Abin da ya fi dacewa da batunmu a bayaninsu shi ne cewa tsoro ke riƙe da bangon. Sashen yau da kullum na gudun mai kuka domin kukan zai karya shi a tsakiyar aiki. Mai kukan na jin an watsar da shi. Mai fushi na raina su duka biyun. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, sai dai a nan tsumman a cikin kansa yake.

Yadda maganar take a zahiri

Fina-finai sun saba wa mutane da hoton wanda fuskarsa ke juyewa, murya ta canja, wani dabam ya bayyana. Likitan Amurka Richard Kluft, wanda ya duba ɗaruruwan masu larurar, ya nuna cewa kaɗan ne abin ke fitowa fili haka a kansu, yawanci ɓoyewa suke yi, har daga kansu. Paul Dell kuma ya nuna cewa abin da ya fi yawa shi ne kutse: ragama na hannun sashe ɗaya, amma wani na cusa masa abu daga bayan fage.

Kutsen nan shi ne asalin sadarwar, tun kafin a gyara ta. Wani lokaci murya ce, ta yi sharhi ko zagi ko kuka, ko muryoyi biyu su yi ta gardama. Wani lokaci babu sauti ko kaɗan, tunani ne ke faɗowa wanda mutum ke jin ba nasa ba ne, ko maganar da ya ɗauko ta ɓace masa a baki kamar an fizge. Ana samun firgita ba dalili a wurin da babu abin tsoro, hawaye na zuba alhali mutum ba ya jin baƙin ciki, ciwo a wata gaɓa da gwaji bai nuna komai ba, ciwon kai lokacin da ragama ke shirin sauya hannu. Akwai kuma shaidar waje: rubutu a littafi da hannun da bai gane ba, kayan da bai tuna ya saya ba, saƙon da aka tura daga wayarsa.

Sanin juna tsakanin sassa ba ya tafiya daidai wa daida. Wani sashe na iya sanin duk abin da wani ke yi, shi kuwa wancan bai ma san da shi ba. Wasu biyu na iya jin juna sarai amma su kasa isa ga na uku. Kuma abin na sauyawa da yanayi: a kwanciyar hankali hanyoyi na buɗewa, a tashin hankali su toshe.

Jin murya shi ne babban abin da ke sa a rikita larurar da sikizofireniya, wata cutar ƙwaƙwalwa da ke sa mutum ji ko gaskata abin da babu shi. An daɗe ana cewa muryar DID daga cikin kai take, ta sikizofireniya daga waje, amma bincike ya nuna wannan ma'auni ba abin dogaro ba ne. Binciken Martin Dorahy da abokan aikinsa na 2009 ya gano bambance-bambancen da suka fi amfani: masu DID sun fi fara jin muryoyi kafin shekara 18, sun fi jin fiye da biyu, sun kuma fi jin muryar yara. Bambancin yana da sakamako a aikace, domin magungunan sikizofireniya galibi ba sa kashe muryoyin DID. Babu ma maganin sha da ke warkar da rarrabuwar kanta, abin da ake bayarwa na matsalolin da ke rakiyarta ne, kamar ciwon damuwa da rashin barci.

Binciken da ya dagula lissafi

Idan mai larura ya ce wannan sashe bai san abin da wancan ya koya ba, shin labarin ne bai ƙetare ba? Rafaële Huntjens ta ƙasar Holan da abokan aikinta sun gwada. A binciken 2003, sun koya wa sashe ɗaya jerin kalmomi, suka koya wa sashe na biyu wani jerin mai kama da shi, sashen da ya ce ba ya tuna komai na na farko. Da a ce bangon ya toshe sarai, kalmomin jerin farko ba za su shigo wa na biyu ba. Sai ga shi sun shigo, kusan kamar yadda suke shigo wa masu lafiya. A 2012 suka maimaita da abubuwan da suka shafi tarihin rayuwar mutum, ta hanyar auna saurin amsa, kuma aka sake ganin alamar cewa sashe na gane abin da ya ce bai sani ba.

A wani gefen kuma, Simone Reinders, wadda ta fara aikin a Holan ta ci gaba a King's College da ke Landan, ta ɗauki hoton aikin ƙwaƙwalwa yayin da ake karanta wa masu larura labarin abin da ya same su. Bugun zuciya da hawan jini da wuraren da ke aiki a ƙwaƙwalwa sun bambanta tsakanin sashen da ke cewa "ni abin ya faru da ni" da wanda ke cewa "ba ni ba ne". A rahotonta na 2012, masu lafiya da aka sa su kwaikwayi larurar ba su fitar da irin wannan tsari ba, har da masu zurfin ƙirƙirar tunani. Mutanen da aka gwada a duk waɗannan bincike ba su da yawa, wannan iyaka ce da ta shafi ɓangarorin biyu.

Masu shakka sun ɗauki sakamakon Huntjens hujjar cewa mantuwar imani ce kawai da mutum ya yi game da kansa. Likitocin da ke jinyar larurar suka ce ba su taɓa da'awar akwai ƙwaƙwalwa biyu ba, kuma gwajin kalmomi a ɗaki mai natsuwa bai yi kama da halin firgici ba. In aka haɗa binciken biyu, abin da ya fi fitowa shi ne labari na ƙetarewa, abin da ke tsayawa shi ne mallakarsa, wato mutum ya isa gare shi da saninsa ya kuma ce nawa ne. Ita kanta Huntjens ba ta ce masu larurar ƙarya suke yi ba. Wannan ya sauya ma'anar gina sadarwa: hanya tana nan tun asali, aikin shi ne rage gudun da ake yi mata.

Yadda ake gina ta a jinya

Ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta masu nazarin raunin zuciya da rarrabuwar kai, wadda ake taƙaitawa ISSTD, ta fitar da gyara na uku na ƙa'idojin jinya a 2011. Jinyar ta tattaunawa ce, mai matakai uku: samar da aminci da natsuwa, sannan fuskantar abubuwan da suka faru, sannan haɗa kai da gina rayuwa. Sadarwar ciki tana farawa ne a mataki na farko, kuma akwai dalilin sa aminci a gaba: DSM-5 ya ce sama da kashi 70 cikin 100 na masu larurar da ke zuwa asibiti daga gida sun taɓa yunƙurin kashe kansu. Idan sashen da ke zuwa wurin likita bai san abin da wani sashe ke shiryawa da dare ba, alƙawarin da ya ɗauka bai ɗaure kowa ba.

Hanyoyin ba su da wani siddabaru. Mafi sauƙi shi ne littafi guda da kowane sashe ke da damar rubutu a ciki, a rubuta tambaya a bar ta, a dawo a duba. Wasu na amfani da saƙon murya a waya ko allon tunatarwa. Likita kan yi magana da wanda ke gabansa amma ya ce duk mai ji daga ciki ya saurara, ta yadda ba sai ragama ta sauya hannu ba. Akan koya wa mutum ya tsaya sau ɗaya ko biyu a yini ya yi tambaya a ciki, ya jira abin da zai taso, ko kalma ce ko hoto ko nauyi a ƙirji. A 1991 likitan Kanada George Fraser ya bayyana dabarar teburin taro: mutum ya sawwara ɗaki mai aminci da kujeru, sassa su hallara, wanda bai shirya ba ya saurara daga nesa.

Abin da ake tattaunawa a farko ƙanana ne, kuma da gangan. Wa ya sha maganin safe, don kada a sha sau biyu ko a tsallake? Wa zai riƙe ragama a wurin aiki? Me za a yi in firgici ya taso a kan hanya? Ana kuma ɗaukar lokaci wajen sanar da sassan da suka maƙale a da cewa yau shekara kaza ce, jikin ya girma, gidan nan ba wancan ba ne. A ɗauka mace ce mai shekara 35 da ke tsintar kanta a ɓoye cikin banɗaki duk lokacin da wani ya ɗaga murya a ofis. Kafin sadarwa, abin da ta sani shi ne rabin awa ya ɓace mata. Bayan watanni tana iya jin tsoron tun yana tasowa, ta gane daga ina yake, ta ce a ciki "na ji ki, ba a yi da mu ba, zan fita da mu waje minti biyar". Tsoron bai gushe ba, amma rabin awan bai ɓace ba.

Wuri mafi wuya shi ne sassa masu zagi da barazana, waɗanda sau da yawa suke magana da kalmomin wanda ya yi cin zarafin. Abin da zuciya ke fara ba mutum shi ne ya rufe su ko ya kore su. Ƙa'idojin sun hana likita goyon bayan haka, sun kuma hana shi fifita wani sashe a kan wani. Fahimtar ita ce waɗannan sassa tsaro suka fara yi: sashen da ke cewa "yi shiru, in ka faɗa sai na hallaka ka" ya koyi haka ne lokacin da faɗa ke jawo duka. Tambayar da ake yi masa ita ce me yake tsoron zai faru in ya daina. Wannan ba yarda da cutarwa ba ce, ana kafa iyaka a sarari cewa ba a raunata jiki.

Akwai haɗari a gaggawa. Bangon da ke hana sanin wa ya sha magani shi ne kuma ke tare munanan abubuwan tunawa. In aka rushe shi lokaci guda, sai su kwararo, mutum ya kasa barci ya kasa aiki, wani har ya cutar da kansa. Shi ya sa ake yarjejeniya a ciki cewa a raba labarin yau a jinkirta na da. Kluft ya shahara da nanata abin da ya yi daidai da cewa sannu ba ta hana zuwa. Jinyar kan ɗauki shekaru.

Abin da masu suka ke cewa

Ba duk masana suka yarda da wannan hanya ba, kuma hujjojinsu ba na wasa ba ne. Nicholas Spanos na Kanada ya rubuta a 1994 cewa larurar rawa ce irin ta wasan kwaikwayo da mutum ke koya daga likita da littattafai da fina-finai, ba tare da ya yi niyyar yaudara ba. Scott Lilienfeld da Steven Jay Lynn sun ci gaba da wannan ra'ayi. Suna nuni da yadda adadin masu larurar ya yi tashin gwauron zabo a Amurka bayan littafin Sybil na 1973, labarin wata mace da aka ce tana da sassa da yawa, da yadda yawan sassan da ake samu a mutum guda ya ƙaru, da shari'o'in shekarun 1990 inda wasu suka kai ƙarar likitocinsu kan cusa musu tunanin abin da bai faru ba. A 2011 'yar jarida Debbie Nathan ta fito da takardun da suka jefa shakku mai ƙarfi a kan labarin Sybil ɗin kansa. A ganinsu, tambayar sashe sunansa da shekarunsa da kiran taro a cikin kai na iya ƙarfafa rarrabuwar da ake son magancewa.

Ɗaya ɓangaren ya amsa a 2012, inda Constance Dalenberg da abokan aikinta suka tattara bincike masu yawa suka nuna alaƙar azaba da rarrabuwar kai tana nan ko an cire tasirin ƙirƙirar tunani. Binciken Bethany Brand ta Jami'ar Towson, wanda ya bi marasa lafiya da likitocinsu a ƙasashe da dama, ya ga raguwar cutar da kai da kwanciya asibiti da ita kanta rarrabuwar a tsawon jinya. Rauninsa shi ne ba a raba mutane gida biyu ta ƙuri'a an kwatanta ba, don haka ba a iya rantsewa jinyar ce ta kawo sauƙin. Gwaje-gwaje irin na ƙuri'a a wannan fage har yanzu ƙalilan ne.

Tazarar ta ragu fiye da yadda zafin muhawarar ke nunawa. Ƙa'idojin 2011 da kansu sun hana likita ƙirƙiro sababbin sassa, ko raɗa wa marasa suna suna, ko tura su su ƙara bambanta, sun kuma ce a riƙa kallon mara lafiya a matsayin baligi guda mai ɗaukar alhakin duk abin da ya aikata. Masu suka kuma, a martaninsu na 2014, sun yarda azaba na iya taka rawa tare da wasu dalilai. Inda aka rage ana ja shi ne ko sai an yi magana da sassa kai tsaye. Huntjens da wasu a Holan na gwada wata hanya da ke ɗaukar sassa a matsayin yanayoyin zuciya irin na kowa da suka yi tsanani, ba tare da dogon matakin shiri ba.

Haɗewa ko zaman tare

Ina sadarwar za ta kai? Kluft na ganin narkewar sassa su zama kai guda ita ce sakamako mafi ɗorewa. Ƙa'idojin sun ambaci haka, amma sun yarda da yawa ba za su kai ba ko ba sa so, kuma zaman haɗin kai inda kowa ya san abin da ake ciki sakamako ne karɓaɓɓe. Wasu masu larurar na jin kalmar narkewa kamar hukuncin kisa a kan sassansu, shi ya sa tilasta ta ke rufe ƙofar maganar tun daga farko. A intanet kuma akwai masu kiran kansu masu yawa a jiki ɗaya, suna cewa ba su da tarihin azaba ba su kuma da wata wahala. Bisa sharuɗɗan DSM da ICD, in babu wahala ko naƙasu a harkokin rayuwa, ba a kiran abin larura, don haka bai dace a auna mai DID da abin da ake gani a bidiyoyinsu ba.

Abin da ya shafi mai larurar da iyalinsa

A binciken Putnam na 1986 kan mutum 100, matsakaicin lokacin da suka ɗauka daga fara zuwa asibitin ƙwaƙwalwa zuwa gano ainihin larurar ya kusan shekara 7, kuma an yi ta ba su sunayen wasu cututtuka a hanya. Yau matsalar ta sami fuska ta biyu, wato wanda ya kalli bidiyo ya yanke wa kansa hukunci. Ɓatan lokaci da jin murya na iya fitowa daga farfaɗiya, ko rauni a kai, ko ƙwayoyi, ko matsanancin rashin barci, ko wasu larurorin ƙwaƙwalwa, kuma kowanne da maganinsa. Akwai ma'aunin tambayoyi 28 da Eve Bernstein Carlson da Putnam suka fitar a 1986, amma na tacewa ne kawai. Tabbatarwa sai da doguwar hira da ƙwararre, irin wadda Marlene Steinberg ta tsara.

A al'ummomi da yawa a duniya, mai wannan hali da danginsa na fassara shi da shigar wani ruhi. DSM-5 ya amince larurar na iya zuwa da wannan siffa, ya bambanta ta da abin da al'ada ko addini ya saba da shi ta cewa ita ba da son mutum take zuwa ba, tana maimaituwa, tana wahalarwa. Littafin bai yanke hukunci kan abin da mutane suka yi imani da shi ba. Abin da masu jinya ke gargaɗi a kai shi ne duk wata hanya mai duka ko ɗauri ko tsoratarwa, domin ga wanda azaba ce tushen ciwonsa, maimaita masa ita ne.

Ga miji ko mata ko iyaye, 'yan abubuwa ne ke da amfani. Kada a riƙa kiran wani sashe ya fito don a gani ko a ɗauki bidiyo. Kada a zaɓi na so a cikinsu. In mutum ya ce bai tuna abin da ya faɗa jiya ba, a gaya masa abin da ya faru a natse ba tare da an ƙaryata shi ba, kuma ba tare da an sauke masa alhakin ba: bashin da wani sashe ya ci, mutumin ne zai biya. In aka ga ya rikice, a kira sunan da ya saba amsawa, a faɗa masa inda yake da ranar da ake, a bar shi ya taɓa wani abu mai sanyi ko ya ƙirga abubuwan da ke ɗakin. Littafinsa na sadarwa sirrinsa ne, karanta shi a ɓoye na iya rufe hanyar da aka yi watanni ana buɗewa. In kuma a cikin abin da ya faɗa ko ya nuna akwai maganar kashe kai, ko daga wane sashe ta fito, ana ɗaukar ta a matsayin ta mutumin gaba ɗaya, a kai shi asibiti a ranar.